Gayya a Gonar Baba

"Ran Asabar za a yi gayyar maimai a babbar gona. Duk mai neman 'yata, can nake son in gan shi."

Da wannan magana Baba ya tare mu ran Laraba da safe, yana zaune gindin rumbu yana gyara ƙotar hauyarsa. Bai ɗaga murya ba, bai ma dubi inda nake ba. Ni kuwa ina tsugune ina wankin ƙwarya, ina jin haka ƙwaryar ta suɓuce mini.

Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, yaron nan fa bai daɗe da tashi daga ciwo ba."

"Wata biyu cur mutum yana tashi daga shawara? Ni ma na yi shawara, kwana goma na ɗauki hauya. Bara wa ya riga shi isa gona? To bana ma ya zo. Husaini ɗan Alhaji Kadi ya riga ya aiko, ya ce samari ashirin zai kawo."

Na ce, "Baba, ni fa Husaini…"

"Ban ce ki auri Husaini ba, Ruma'isa. Ban taɓa yi wa 'yata dole ba, ba kuwa zan fara a kanki ba. Amma ba zan ɗauke ki in miƙa wa mutumin da ake ce mini yana kwance har rana ta take ba."

Me zan ce? Duk gidan nan ni kaɗai na san ba shawara Muhsin, wanda aka yi wa alkawarina, ya yi ba.

Kada ku ce Baba mugu ne, wallahi ba mugu ba ne. A garinmu, nan gefen Mallawa, haka muka taso muka tarar. Saurayin da aka yi wa alkawarin yarinya, kowace damina sai ya tara abokansa ya yi wa surukinsa gayya, har ranar da za a ɗaura aure. Kowa da kuyyarsa, wato layin shukar da zai nome, makaɗa na biye da manoma, gari kuma na kallo.

Bara da Muhsin ya zo tasa gayyar, dariya aka fara yi masa. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Bande, Mushe Muhsin ake ce masa kamar yadda ake kiran malaman lakwal, mutane suka ce hannun da ya saba da alli me zai yi da hauya? Ai kuwa sun sha mamaki. Tun asuba ya sunkuya bai ɗago ba sai la'asar. Manoma talatin ya bari a baya, ko fura bai tsaya sha ba, har makaɗi ya ce hannunsa ya gaji. A nan cikin gona, gaban kowa, Baba ya riƙe hannunsa ya ce ya ba shi ni. Ranar don murna ko abinci ban iya ci ba.

Kash, da na san abin da ke ƙarƙashin wannan ƙarfi.

Lokacin da yake karatun konkur, jarrabawar zama malami, a Damagaram, barci ya riƙa kwashe shi cikin aji, hankalinsa ba ya tsayawa kan takarda. Likita ya duba shi ya rubuta masa ordinans, takardar sayen magani: ƙwaya ɗaya da safe, in an yi wata uku ya dawo a sake duba shi. Bai koma ba. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Da farmasi suka ƙi karɓar tsohuwar takarda, sai ya koma wajen masu tebur, masu sayar da magani a kasuwa. Shekara uku yana haka, yana ce wa kansa ai magani ne, likita ya rubuta.

Gab da saukar daminar bana ya yi kwana uku bai runtsa ba, ya yanke jiki ya faɗi gaban allo, 'yan aji na ihu. Sati biyar ya yi a asibiti a Damagaram, likitoci na rage masa ita kaɗan-kaɗan har suka tsayar. Danginsa suka ce wa duniya shawara ce. Shi da bakinsa ya gaya mini gaskiya ta wayar talho, yana kuka kamar ransa zai fita. Da aka sallamo shi, aka damƙa shi hannun wata manjo, babbar ma'aikaciyar asibiti a Dungas, kowane sati yana zuwa ta duba shi.

Wannan mutumin ne Baba ke so ya gani a gaban samari ashirin.

Ran Alhamis na ce wa Inna kaina ke ciwo, na hau kabu-kabu sai Dungas.

Manjon nan, Madam Zeinabou, doguwar mace ce mai tabarau, daga ganinta ba ta da wasa. Da na faɗi sunana ta ajiye abin rubutunta ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce Ruma'isar? Ya ce in kin zo kada in ɓoye miki komai. Zauna."

Na zauna bakin benci na kwashe labarin gayya na gaya mata, hawaye na bin fuskata.

Ta girgiza kai. "Ba zai iya ba."

"Madam, ba ragwanci ba ne dai ko? Mutane cewa suke…"

"Bar mutane. Shekara uku ana korar jikinsa da bulala kamar jakin amalanke, ba hutu. Yanzu an ajiye bulalar, jiki ya kwanta. Barcin nan, nauyin ƙafafun nan, kukan da yake yi ba dalili, duk hanyar warkewa ce. Muna auna hawan jininsa, muna zama da shi muna magana, kuma yana ƙoƙari. Zai tashi in Allah ya so. Amma ba ran Asabar ba."

"To yaushe?"

"Wata uku. Wata shida. Wani ya fi haka."

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafina. Maganar da na taho da ita tun daga gida sai da na runtse ido na iya fitar da ita.

"Madam, ƙwaya ɗaya fa? Ta rana ɗaya tak. Ke ce likita, ke za ki ba shi da hannunki. Daga ranar shi ke nan."

Ta cire tabaraunta a hankali ta ajiye kan tebur.

"'Yar nan, kin san yadda zuciyarsa ke bugawa ranar da aka kai shi Damagaram? Ni na ga takardun. Yau ya sha ɗaya ya shiga rana da hauya, tana iya tsayawa a nan cikin gonarku. In ma ba ta tsaya ba, ran Lahadi biyu zai nema. Ba zan ba shi ba, kuma kada ki ƙara faɗin wannan magana."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta sassauta murya. "Abin da zan iya shi ne in rubuta takarda in buga tambari, cewa an hana shi aikin ƙarfi."

"Baba zai kai wa daraktan lakwal ya karanta masa. Kuma zai tambaya wane ciwo ne."

"Ba zan rubuta shawara ba. Ba na rubuta ƙarya."

"To kin gani."

"Ku gaya masa gaskiya mana."

Dariya ta ƙwace mini, irin wadda ta fi kuka ciwo. "Madam, a garinmu wanda aka kira ɗan ƙwaya ko akuya ba a ba shi kiwo, balle 'ya. Ba wanda zai tsaya tambayar wa ya fara rubuta masa ita."

Ta mayar da tabaraunta. "Ni magani aka koya mini. Ba a koya mana surukai a lakwal ba. Allah ya kawo muku mafita."

Haka na fito hannu biyu, na tsaya bakin titi na ma manta inda ake hawa kabu-kabu.

Ran Juma'a bayan la'asar abokinsa Dauda ya kawo shi kan babur, ya sauke shi ƙofar gidanmu ya koma can gefe. Na shimfiɗa tabarma gindin darbejiya.

Wayyo Muhsin. Mutumin da in ya zo zance sai an ce masa ya isa haka saboda surutu da dariya, yau sai da ya dafa bango kafin ya zauna. Idanunsa sun kumbura da barci, maganarsa ta yi sanyi kamar wanda ya yi tafiyar kwana biyu a ƙasa.

"Ruma, kin wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Mushe. Yaya jikin?"

"Da sauƙi." Ya kawar da kai. "Ƙarya nake. Daga ɗakina zuwa masallaci sai na huta a hanya."

"Ka ji saƙon Baba?"

"Na ji. Dauda ya tara mutum goma sha biyu."

"Kada ka zo. Ka aiko ka ce ciwo ya tashi."

"Kin san al'ada. Wanda aka kira gayyar suruki bai zo ba, ya janye ke nan. Ko kallon ƙofar nan ba zan sake samun dama ba."

"To Dauda ya riƙe maka kuyyarka."

"Kuyyar mai neman aure? Wa ya taɓa taɓa ta?"

Duk ƙofar da na nufa sai in tarar da ita a rufe. Hawaye suka ɓalle mini, na rasa inda zan sa kaina. Madam ta ce kada in ƙara faɗa, na kuma yi wa kaina alkawari a hanya ba zan ƙara ba. Amma ga shi zaune gabana, ga gobe ta ƙarato, sai kawai na ji bakina yana magana.

"Mushe… ɗaya fa? Gobe kaɗai. Ka sha ɗaya ka fita kunyar Baba, in aka ɗaura aure ni da kaina zan riƙa raka ka Dungas."

Ya ɗago kai a hankali ya dube ni. Har in mutu ba zan manta wannan kallo ba.

"Ke ma, Ruma?"

"Ni dai…"

"Tun in buɗe ido har in rufe, akwai wata murya cikin kaina, abin da take ce mini ke nan. Ɗaya kawai. Na saba da jin ta a kaina, ina ce mata a'a sau ɗari a wuni. Ban taɓa zaton zan ji ta a bakinki ba."

Na kifa kaina kan gwiwa na fashe da kuka. "Ka yafe mini. Wallahi tsoro nake ji. To in yi yaya? In zauna in naɗe hannu ina kallo a raba mu? Shekara guda ina jiranka, Mushe. Ko zanen da za a kai ni da shi Inna ta saya."

"Ba laifinki ba ne. Ni na kai mu nan."

Shi ma hawaye ke zubo masa, bai ko share ba.

"Bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba sai Madam. Ina cin abinci kamar gara, amma ba na jin daɗin komai. Ruwan sama ya sauka, kowa na murna, ni ko a jikina. Ke kanki, Ruma, na san ina son ki, na sani kamar yadda na san sunana. Amma nan," ya dafa ƙirjinsa, "shiru ne. Ta ce zai dawo. Ni dai jira nake, kuma ke ce dalilin da ya sa nake jiran."

Ban san wanne ya fi mini ciwo ba, farkon maganar ko ƙarshenta.

Dauda ya tayar da babur alamar lokaci ya yi. Muhsin ya dafa bango ya miƙe.

"Zan zo gobe."

"Da ita, ko ba ita?"

Ya tsaya ya ba ni baya.

"Ban sani ba, Ruma. Wallahi ban sani ba."

Ran Asabar tun da asuba maza suka wuce gona. Mu mata muka tsaya damun fura, da hantsi muka jera da ƙore a kai, Inna a gaba ni a bayanta.

Tun daga nesa muke jin ganga. Na so in yi addu'a, sai na rasa me zan roƙa. In na tarar da shi a gaba, to ya sha, kuma ni na sa shi. In na tarar da shi a baya, to na rasa shi. Ku gaya mini, don Allah, wanne mutum zai roƙa? Haka na yi ta maimaita "Ya Allah, ya Allah," ban iya ƙara komai a kai ba.

Muka fito daga bayan gawo, gona ta bayyana.

Husaini ne a gaba, hauyarsa na walƙiya, samarinsa na biye da shi kafaɗa da kafaɗa. Bayansu mutanen Dauda. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, babu shi.

Can baya na hango shi, shi kaɗai. Mutane sun kai ƙarshen gona sun juyo har sau uku, shi ko rabin kuyyarsa ta biyu bai kai ba. Ya ɗaga hauya, ya sauke, ya tsaya yana haki. Ya sake ɗagawa.

Bai sha ba.

Wani daɗi ya tsarga mini tun daga kai har ƙafa, na ce alhamdulillahi a fili har Inna ta waigo ta harare ni. Kafin in sauke ƙwarya daɗin ya koma baƙin ciki, don na ga fuskar Baba. Yana tsaye bakin gona, hannu a baya, ko ƙiftawa ba ya yi.

Makaɗin da ya yi masa kirari bara shi ne dai bana, kuma irinsu ba su da kunya. Ya baro na gaba ya dawo ya tsaya kan Muhsin yana kaɗa masa a kunne.

"Mushe, gari ya waye, a tashi! Na bara, ina ka baro ƙarfin? Ko alli ya cinye hannun?"

Gona ta ɗauki dariya. Wata tsohuwa a gefena ta ce, "Oh ni, ashe bara aro ya yi." Ba ta san gaskiyar da ta faɗa ba.

Muhsin ya ɗaga hauya, ta tsaya a sama tana rawa, sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe ya durƙusa cikin hatsi. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya sake komawa.

Na yi wata ƙara na zabura, Inna ta cafke hannuna. "Ke, kina hauka ne? Gaban mutane?"

Husaini ne ya jefar da hauyarsa ya daka wa makaɗin tsawa. "Kai, ya isa! Ba ka ga mutum ba shi da lafiya ba?" Ganga ta yi shiru. Da ma mugu ne Husaini da na samu wanda zan tsana, amma ko wannan ban samu ba.

Baba ya taka a hankali har inda Muhsin yake durƙushe. Gona ta yi tsit.

"Ɗana, tashi."

"Ba zan iya ba, Baba."

"Wace irin shawara ce wannan? Idonka ba rawaya, jikinka bai rame ba. Na yi shekara sittin ina ganin masu shawara. Gaya mini abin da ke damunka, in na magani ne a nema, in na addu'a ne a tara malamai."

Dauda ya matso da sauri. "Baba, ai rana ce ta…"

"Ba kai na tambaya ba."

Daga inda nake na riƙa girgiza masa kai, kada ka faɗa, kada ka faɗa. Ni da kaina ban san ko so nake ya yi shiru ko so nake ya faɗa ba. Bai ma dubi inda nake ba.

"Ba shawara ba ce, Baba. Ƙwaya ce. Likita ya rubuta mini ita don karatu, ni kuma na zarce, shekara uku ina sha. Noman da ka gani bara, huɗu na sha da asuba kafin in shigo gonar nan. Ita ta kusa kashe ni, saboda ita aka kwantar da ni a Damagaram don a raba ni da ita. Yanzu na bari, ina hannun likita. Wannan da ka gani a ƙasa, ni ne."

Salati ya tashi ko'ina. "Innalillahi!" "Mushe guda?" "Shi ke koya wa 'ya'yan mutane?" Wasu samari suka ja baya kamar abin yana kama mutum.

Baba bai yi salati ba, bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Ya dube shi, sai na ga idon Baba ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

"Shekara guda ina yawo da sunanka a bakina. Duk kasuwar da na shiga sai na ce Allah ya ba ni surukin da ba irinsa a ƙasar Dungas."

"Ka yafe mini, Baba. Ka ba ni lokaci. Likita ta ce ƙarfin zai dawo, nawa na kaina. Baɗi in Allah ya kai mu…"

"Ka faɗi gaskiya, Allah ya saka maka. Allah kuma ya ba ka lafiya." Ya numfasa. "Amma ni wanda na ba wa 'yata shi ne wanda ya yi noman bara, kai kuma ka ce babu shi. Kai ban san ka ba, ɗana. Ba zan ba da 'ya ga wanda ban sani ba."

Na fizge hannuna na zube ƙasa. "Baba, don Allah! Don darajar Annabi! Da ya so ya ruɗe ka yau ma da ya ruɗe ka, bai yi ba. Ni na san shi, Baba, ni na san shi!"

Ya waigo. "Kin san da maganar nan?"

Na sunkuyar da kai.

"Kin sani, kika bar ni na tara gari." Ya dubi Inna. "Fadi, ɗaga 'yarki."

Sannan ya sunkuya ya zare hauyar daga hannun Muhsin. Ya gyara tsayuwa a kan kuyyar, ya fara nome ta da kansa. Mata suka rufe baki. A garinmu in suruki ya ƙarasa maka kuyyarka da hannunsa, ba sauran magana, ko aike ba a sake yi.

Ba abin da ake ji sai saran hauyar Baba.

Dauda ya kama Muhsin ya ɗaga shi. "Zo in kai ka gida."

"Bari, Dauda. Ka tsaya ku ƙarasa wa tsoho aikinsa, kada a ce mun watse mun bar masa gona."

"Ba za ka iya tafiya ba."

"Na ce ka bari."

Ya karkaɗe ƙasar gwiwarsa. Ya biyo ta gabanmu, don nan ce hanya, kusa da ni har ina jin hakinsa. Na ɗauka zai ce wani abu. Ya dube ni da waɗannan kumburarrun idanu, ya wuce.

Sai a lokacin wani sabon tsoro ya kama ni, wanda ya fi na safe. Jiya yana da abin da yake jira. Yau an karɓe shi gaban gari, an kuma ba shi sunan da zai bi shi har cikin ajinsa. Wa zai zauna da shi yau? Me zai ce wa muryar nan in ta taso?

Bayan tudun da ke gabas da gonarmu hanya ta rabu biyu. Ta hagu ita ke zuwa Dungas, wajen Madam. Ta dama ita ke gangarawa bakin iyaka, inda kasuwa ke ci ran Asabar, masu tebur sun baje kayansu tun safe, ba mai tambayar takarda.

"Inna, sake ni in ga inda zai bi."

"Ba inda za ki."

"Kan tudun kawai zan tsaya, wallahi ba zan yi masa magana ba. Inna, ki ji tausayina!"

Ita ma kuka take, amma ta ƙara damƙe hannuna. "Kin ji abin da ubanki ya ce. Kada ki ƙara masa wani a kan wanda yake ciki."

Yana hawa tudun yana tsayawa, yana hawa yana tsayawa. Na yi ɗage har yatsun ƙafata suka nutse cikin rairayi. Na ga bayansa, na ga kafaɗunsa, na ga hularsa. Sannan ban ƙara ganin komai ba.

Inna ta share hawayenta da bakin zane, ta danƙa mini ludayi a hannu.

"Zuba wa mutane fura, sun sha rana."